Ranar da Kaza ta Riƙe Ni a Damagaram

A littafina na rubuta: Laraba, Gure.
Da asuba na naɗe tanti, na ɗaure jaka,
na leƙa mai, na taɓa sarƙa, na danna taya da babban yatsa.
Saura hular kwano,
da na ajiye daren jiya a gindin tsamiya, baki sama.

Kaza na tarar a ciki.
Baƙa, mai figaggen wuya, ta zauna daram
kamar da kuɗinta ta saya.

Kyari mai gadin zangon ya ɗago daga butar shayi:
"Ƙwai take yi, baƙo. Ba a tada mai naƙuda."
Na ce rana za ta yi mini.
Ya ce, "Rana ta kowa ce. Zauna ka sha na farko."

Na farko ɗaci.
Na biyu ya sauko da kafaɗuna
daga inda kwana shida na kwalta suka rataye su.
Kafin na uku tafin hannuna ya daina rawa,
sai na ji abin da inji ya hana ni ji tun daga Dogon Dutsi:
kurciya, turmi a bayan katanga,
da ƙuguna da ke ta kai ƙara ba alƙali.

Shekara talatin da ɗaya ina gidan waya,
ina jefa wasiƙu cikin ramukan katako:
Gure, Gudumariya, Maine, Ngigmi.
Sunaye ne kawai a bayan ambulan.
Da na ajiye aiki na ce sai na je na ga ko suna da inuwa.
Ashe ni ma wasiƙa na zama,
kowane gari ya buga mini hatimi, in wuce.

Da hantsi ta fito tana shela.
Ƙwai ɗaya, da ɗuminsa,
daidai inda ƙeyata ke zama.
Hanya a buɗe. Moto a shirye, yana kallon gabas.

Na kwance jakar.

Na sayi ruwa jarka guda wurin mai kura.
Kyari ya ce ruwan Damagaram ba ya mutuwa sau ɗaya:
ya wanke riga, ya wanke safa,
ya wanke laka daga ƙafar moto,
abin da ya rage na ɗan lemun da ke bakin ƙofa ne.
Haka na yi. Lemun bai ce komai ba.

Azahar ta same ni a kan dutse,
irin manyan nan da ke kwance kamar giwaye sun ƙi tashi.
Wani ƙadangare mai jan kai ya yi ta gyaɗa mini kai,
ban san me na faɗa da ya yarda ba.
Can ƙasa rufin kwano na ƙyalli,
wani yaro na tura taya da sanda,
ya fi ni sanin inda za shi.

Tsahara mai abinci ta soya ƙwan da albasa.
Muka raba uku. Bai kai loma ba.

Da magariba ɗiyata ta kira.
"Baba, ka isa?"
Na ce ina nan.
"Nan ina?"
Na duba tsamiya, da rigata da ta bushe ƙandas a kan igiya,
da Kyari yana hura gawayi,
na ce, nan dai.

Na ja layi a kan Gure.
A gefe na rubuta: ƙwai ɗaya, shayi uku, kilomita babu.

Na sake kafa tanti a ramukan turakun jiya.
Hular kuwa, na ɗauke ta zan rataya a ƙahon moto,
na tsaya,
na mayar da ita gindin tsamiya,
baki sama.